Dauɗar da ke Cikin Fiyanon Gordon

Dutsen farko ya faɗo ne Bushra tana fere dankali a madafa, a irin almurun nan na hunturun Sheffield ta Ingila da ke rufe gari tun yara ba su gama dawowa daga makaranta ba. Ƙwas ta ji a gilashin ƙofar baya. Ta ajiye wuƙa, ta leƙa tana shirin ɗaga murya, don 'ya'yan maƙwabta ba yau suka fara ba. Ba kowa a tsakar gidan sai kwandon shara da igiyar shanya. Dutsen yana nan a bakin ƙofa, bai fi ƙwan tantabara ba, da ta ɗauka kuwa sai ta ji shi da ɗumi, jiƙe da wani abu mai yauƙi. Ta kai shi kusa da hanci, ta yar da shi da sauri ta nufi famfo. Ta san wannan warin sarai, warin falonta ne.

Tana cikin cuɗa hannu da sabulu sai fiyanon da ke falon ya yi ƙara sau ɗaya, can ƙasan murya, mai kauri, har kofuna suka amsa a kan kanta. Mijinta Gordon yana wurin aiki. 'Yarsu Arwa tana sama tana karatu. Wayar lantarkin fiyanon kuwa ita da kanta ta zare ta da safe don ta yi guga, ba ta mayar ba.

Wata guda ke nan da shigowar wannan masifa gidan. Gordon Staniforth mai gyaran tukwanen ɗumama gidaje ne, mutum mai haƙuri da ba ya cin abincin kowa sai na matarsa, amma yana da ciwo guda. Duk ƙarshen mako yakan haɗu da abokansa uku, dukkansu furfura ta gama da su, su yi ta buga irin kiɗan nan da masu shi ke ce wa prog. Waƙa ɗaya sai a ɗora shinkafa ta nuna ba ta ƙare ba. Ba mai iya rawa da shi, don da ƙafarka ta kama ƙidayar huɗu sai su koma bakwai, ka lallaɓa ka kama bakwai su tsallaka sha uku. Bushra ta jure wannan shekara da shekaru, kamar yadda ake jure munsharin miji.

Abin da Gordon ya yi ta mafarki tun yana saurayi shi ne babban fiyanon lantarki irin na shekarun saba'in, mai wayoyi na gaske da 'yan gudumomi masu kan ulu a ciki, wanda ake rabawa biyu a loda a mota a yi yawon gari gari da shi. Ya same shi a ƙarƙashin wata mashaya da aka rufe a Rotherham. Ƙarti huɗu suka shigo da shi suna nishi, suka haɗa shi a tsakiyar falo, baƙi ƙirin kamar saniyar da ta kwanta. Ba wanda ya ambaci sunan Allah da aka ɗaga murfin.

Bushra ta leƙa sau ɗaya, ya ishe ta har abada. Giyar da aka yi shekaru ana ɓararwa ta bushe ta yi danƙo a kan katakon. Guntayen sigari, kashin ɓera, gashin kai, yankakken farce, fumfuna kore da baƙi, da gawar wani ɓera da ta ƙame a ƙarƙashin wayoyin ƙasa. Maɓallan da ya kamata su zama farare sun yi ruwan ɗorawa da gumin mutanen da wasunsu sun daɗe a kabari, tsakanin kowane biyu kuma annakiya ta yi kunya kamar ta gona. Zarni da tsami da hamami suka cika ɗakin. Ta je ta ɗebo ruwa a bokiti.

"Me za ki yi da wannan?" in ji Gordon, ya tare ta a ƙofa.

"Miya zan kaɗa. Me ake yi da bokiti da sabulu?"

"Kada ki taɓa shi, Bushra. Ko tsumma kada ki ɗora masa. Dauɗar nan ita ce muryarsa. Shekara arba'in ana tara ta. Duk wanda ya san kayan nan zai gaya miki, ka wanke shi ka kashe shi, ya koma kamar na ɗakin taron makaranta."

"To ɓeran fa? Shi ma yana cikin mawaƙan?"

"Yana ɗan danne wayar nan ta ƙasa. Tsaya ki ji." Ya latsa maɓalli guda ya lumshe ido.

Haƙiƙa muryar tana da daɗi, wannan ne abin da ya fi ba ta haushi. Tana da kauri, da wani ɗan kuka a ƙarshenta mai taɓa ƙirji. Da abokansa suka zo, Norman mai ganga ya cusa kansa cikin fiyanon ya shaƙa kamar mai shinshina tukunyar dambu, ya ɗago ido cike da ƙwalla ya ce wannan ai shekarar saba'in da takwas ce zalla. Daga ranar Bushra ta ware musu kofuna na daban.

Ita ba haka aka rene ta ba. Mahaifinta daga Adan ta ƙasar Yaman ya zo aikin narka ƙarfe, a gidansa kuwa takalmi ba ya wuce bakin ƙofa, ruwan zafi ba a zuba shi a magudana sai an yi Bismillah, don ba a san wa ke kwance a wurin ba. Ta san inda ƙazanta ta taru ta daɗe, ba a rasa mai gida a ciki. Ta sani, amma ta ji kunyar faɗa, kada Gordon ya yi mata irin murmushin nan nasa na tausayi.

Bayan dutsen farko, ba a sake yin almuru lafiya a gidan ba. Da haske ya fara janyewa daga tagogi sai shiru ya sauko, irin shirun da har agogon bango ke jin nauyin bugawa, sannan jifa ta fara. Da farko daga waje. Daga baya duwatsun suka koma faɗowa a cikin gida, a kan matakala, a cikin kwanon wanke hannu, sau ɗaya ma tsundum a tukunyar miya, duk da ɗuminsu da yauƙinsu. Madarar da aka sayo da safe kan yi tsami kafin magariba. Akwai kuma murya a falo, ƙasa ƙasa, kamar ta tsoho mai majina a maƙogwaro, tana ƙirga bakwai ta koma, ta ƙirga bakwai ta koma.

Gordon yana da amsar komai. Duwatsu daga bututun hayaƙi suke zubowa. Muryar kuwa na'urar cikin fiyanon ce ke kamo rediyon 'yan tasi, tsofaffin nan duk haka suke. Abin da ya lura da shi kawai shi ne fiyanon ya fi daɗin murya da almuru, don haka ya fara baro aiki da wuri.

Arwa shekararta sha biyar, yarinya mai tsabta har ta yi yawa, wadda kan canza zanen gado in kyanwar maƙwabta ta hau. Ba ta taɓa son kiɗan ubanta ba, da ya fara take toshe kunne ta haye sama. Tana ganin uwarta tana ramewa, tana yawo da turare ɗaki ɗaki kamar mai jinya. Wata Laraba da yamma, iyayen duk ba sa nan, ta tafasa ruwa a buta, ta ɗaga murfin fiyanon, ta kwarara a kusurwar da ta fi baƙi. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ake faɗa kafin a zuba ruwan zafi, Bushra ta bar wannan a gidan ubanta tare da sauran abubuwan da take jin kunya.

Da Bushra ta dawo ta tarar da ita zaune a ƙasa kusa da fiyanon, butar a gefe, tana kallon bango. Ta ce kanta ke ciwo. Washegari ba ta yi wanka ba. Rana ta uku ma haka. Gashinta ya cukurkuɗe, ta ƙi canza riga, abinci in ba ya kwana ya yi tsami ba ba ta kallonsa. Likita ya duba ta ya ce irin na 'yan mata ne a wannan shekarun, a ba ta lokaci.

Ranar da Bushra ta tabbata wani abu ya shiga jikin 'yarta, da almuru ne. Ta shigo falo ta ga Arwa durƙushe a gaban maɓallan, tana sa farce tana kankaro annakiyar da ke tsakaninsu, tana kaiwa baki tana tsotsa a hankali kamar mai lasar zuma. Bushra ta dafe bango. Yarinyar ta waiwayo ta yi mata murmushi da baƙaƙen haƙora, ta hau kujera, ta ɗora hannu.

Yarinyar da ba ta taɓa koyon ko maɓalli ɗaya ba ta buga waƙar nan mai wuya da Gordon ya yi shekara ashirin yana tuntuɓe a tsakiyarta. Hannun hagu yana tafiya da ƙidaya daban, na dama da tasa daban, idonta a kafe, yawu yana zuba a haɓarta. Gordon ya shigo da jakar aikinsa ya tsaya cak. Bushra ta dube shi tana jiran ya ruga ya cire 'yarsa daga wurin. Sai ta ga yana laluben aljihu a hankali, ya zaro wayar salula, ya fara ɗaukar bidiyo.

"Gordon, 'yarka ce fa."

"Shh. Na sani. Ki bari ta kai ƙarshe."

Da gari ya waye ta tafi wurin Baffa Muƙbil, ƙanin mahaifinta, wanda ke karantar da manya a masallacin unguwarsu ta da. Ta yi shekaru ba ta taka gidansa ba sai da Sallah. Ta zauna a ƙasa ta faɗa masa komai tana kuka, tana maimaita wasu wuraren da ƙarfi saboda kunnensa ɗaya tanderun ƙarfe ya cinye shi. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta je, yana nan tafe kafin rana ta faɗi.

Ya zo da ƙatuwar rigar sanyi a kan jallabiyarsa, da gorar ruwan da ya yi wa tofi. A bakin falo ya tsaya ya ja rawaninsa ya rufe hanci.

"Shekara talatin na yi ina shaƙar hayaƙin ƙarfe," in ji shi, "ban taɓa jin irin wannan ba. Gordon, a nan kake cin abinci?"

"Baffa, kayan tarihi ne."

"Masai ma in ya daɗe tarihi ne. Zauna can."

Arwa tana kan kujerar fiyanon, ta ba su baya. Haske yana ja da baya a kan labule, ɗakin yana duhu kaɗan kaɗan, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Baffa ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya fara karatu da muryar da ba ta gaggawa. Dutse ya faɗo kusa da gwiwarsa, bai ko kalle shi ba. Wani ya faɗo. Da ya kai Ayatul Kursiyyu ya yayyafa ruwan, yarinyar ta gantsare, wayoyin fiyanon duka suka yi gunji lokaci guda ba wanda ya taɓa su. Ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohon namiji ce, mai kaushi, irin ta wanda sigari da giya suka dafa.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan nan. Ba wannan na bulo ba, wancan." Ta nuna fiyanon da haɓa. "Da a bayan gidan wani ɗakin rawa nake, a Leeds. Wani dare mai kiɗan ya sha ya yi tatil, ya ɗaga murfi ya amayar a ciki, ya rufe, ba wanda ya wanke. Na leƙa na ga wuri ya yi. Na zaga ƙasar nan kaf a bayan mota. Na sha waƙoƙin da ba su da ƙarshe, na haƙura, don kowane gari sai an ƙara mini wani abu."

"Me ya kai ka jikin yarinya?"

"Ina barcina ta sheƙa mini tafasasshen ruwa, ko sallama babu. Ta rushe mini ɗaki, na shiga nata. Uwar kuma ta ishe ni da turare, shi ya sa nake jifarta."

Bushra ta rufe fuska. Baffa ya ce, "Yarinya ba ta sani ba, kuma ka rama fiye da abin da aka yi maka. Za ka fita daga jikinta, ka fita daga gidan nan. Gobe za a wanke wannan abu tas, a binne abin da aka kwaso. Akwai juji a bayan gari, ya fi nan faɗi."

Dariyar da ta fito ta sa yawu ya fantsamo a kan darduma. "A wanke? Ka tambayi mai shi tukuna. Muryar nan da yake bauta wa, yana zaton ɓera ne da tsohuwar giya? Ni ne. Ran da na tafi, katako ne da waya." Idon yarinyar ya juya ya sauka a kan ubanta. "Ga ciniki, tsoho, kuma na gaskiya. Ku bar mini gidana yadda yake. Yarinya ta yi wankanta, ta je makarantarta, jifa ta ƙare. Abin da nake so kawai, in rana ta faɗi a ba ni aron hannunta na ɗan lokaci, in buga, in mayar. Shi ya ɗauko ni ya kawo ni, shi ya tsare mini ƙofa da matarsa ta zo da bokiti. In ya buɗe baki ya ce in tafi, wallahi yanzu zan tafi, ba sai ka ƙara ƙona ni ba."

Baffa ya juya. "Ka ji, Gordon. Abin ya zo da sauƙi. Ce masa ya tafi."

Wata mota ta wuce a titi, haskenta ya share rufin ɗakin ya fita. Bushra tana kallon bakin mijinta, mutumin da ya yi ta zagaye da yarinyar nan a kafaɗa lokacin da take haƙori. Idonsa yana kan 'yarsa, sai ya zame ya koma kan fiyanon, ya daɗe a can.

"Zai tafi, ai dole ya tafi," in ji Gordon a ƙarshe, yana murza hannu. "Ina cewa dai... Baffa, ranar Asabar Norman zai kawo kayan ɗaukar sauti na gaske. Sau ɗaya tak. Ba zai iya jira zuwa Asabar ba?"

Bushra ba ta yi kuka ba. Abin da ta ji a lokacin ƙyama ce, irin wadda ta ji da ta leƙa cikin fiyanon, har ta ja ƙafarta don kada ta taɓa tasa. Baffa ya sunkuyar da kai yana istigfari.

Wanda ke jikin Arwa ya daɗe yana kallon Gordon. Murmushin ya bar fuskar. Hancin yarinyar ya tattare, maƙogwaronta ya motsa kamar mai danne amai.

"Tsoho," in ji muryar, a hankali yanzu, "na kwana cikin aman mashaya. Na yi matashi da gawar ɓera. Ban taɓa sanin abin da ku mutane kuke nufi da tashin zuciya ba sai yau. Cinikin nan na faɗe shi ne don in ji daɗin kukansa in ya rabu da ni. Mu ma muna da 'ya'ya." Ya tofar da yawu a gefe. "Ka riƙe ruwanka. Ina ne jujin?"

"Bayan tashar jirgin ƙasa, ka bi kogi. Ka yi alkawari ba za ka dawo ba."

"Nan? Ko an roƙe ni."

Ɗan yatsan hannun Arwa na hagu ya yi ta karkarwa, ya miƙe, ya saki. Ƙofar baya ta buɗe da kanta ta rufe. Arwa ta sulale daga kan kujera, Bushra ta tare ta kafin kanta ya bugi ƙasa. Ta yi atishawa, ta buɗe ido, idon nata ne. Ta dubi faratanta, ta taɓa harshenta.

Gordon ya durƙusa ya miƙo hannu. "Arwa, 'yata, kin dawo. Kin ba mu tsoro."

Ta janye hannunta ta cusa a ƙarƙashin hammatar uwarta. Muryarta ta dishe, amma kowa ya ji.

"Ina ciki, Baba. Ban iya magana ba ne kawai. Ina jin komai."

Baffa Muƙbil ya tashi da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ɗauki gorarsa. A bakin ƙofa ya ce wa Bushra ta riƙa karanta mata Falaƙi da Nasi safe da yamma, ta kuma koya mata abin da aka koya mata. Bai yi wa Gordon sallama ba.

Bushra ta hau da yarinyar sama, ta tara ruwan ɗumi, ta yi Bismillah da ƙarfi yadda Arwa za ta ji. Ta zauna a bakin bahon tana warware mata gashi da mataji, ruwan yana komawa baƙi, tana zubarwa tana sake tarawa. Can sai suka ji daga ƙasa Gordon ya latsa maɓalli guda. Muryar ta fito siririya, fayau, ba kauri ba kuka, kamar ta kowane fiyano. Aka yi shiru, aka sake latsa shi. Aka koma na kusa da shi, aka dawo na farko, ana latsawa ana saurarawa.

Arwa ta rungume gwiwoyinta a cikin ruwan.

"Mama," ta ce, "rufe ƙofar, ki ƙara buɗe famfon."